Silifar Gwaggo a Layin da Babu Kowa

A shekarar korona aka warkar da ciwon daji a garin Jos. Ba sauƙi nake nufi ba, warkewa, ta rana ɗaya, ba allura ba tiyata. Ni shaida ne, don keke mai ƙafa uku nake ja, kuma rabin fasinjojina masu zuwa asibiti ne. Ranar da rediyo ya ce an sa dokar kulle, kowa ya zauna a gida, duk wanda na kira in ji ko in zo in ɗauke shi sai ya ce, "A'a direba, bar shi kawai, jikin ya yi sauƙi." Akwai wani tsoho da nake ɗaukowa daga Bukuru, wanda sai mun kama shi mu biyu muke saka shi a keke. Shi ma cewa ya yi ji yake kamar ya shiga gasar tsere. Na ce to madalla Baba, likitoci sai su koma noman dankali.

Amma duk cikin waɗanda suka warke, babu wanda ya kai Gwaggona warkewa.

Gwaggo yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina yawo ba wando a Rikkos. Masa take toyawa a ƙofar gida, kuma duk unguwa an san bakinta ya fi tandarta zafi. In ta kira ni "ɗan nan", lafiya lau. In ta ce "kai ja'iri", to in fara duba hanyar fita. Kafin koronar da wasu watanni aka gano ƙullutu a nononta na hagu. Ta daɗe tana shafa masa man zafi tana cewa maruru ne mai taurin kai, sai da aka haɗa da matar liman kafin ta yarda a duba. Likita ya ce daji ne, amma an zo da sauran dama. Za a riƙa yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, wanda suke kira kemo, har ƙullutun ya ƙanƙance, sannan a yanke ɗan abin da ya rage. Ta haka nonon zai tsira, ita ma ta tsira. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata, a gabana.

"Hajiya, wannan magani in an fara shi ba a ajiye shi a tsakiyar hanya. Ciwon ba ya zuwa hutu."

Gwaggo ta ce, "Likita, ni ko ƙullin masa ban taɓa bari a tsakiya ba."

Ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Wanda bai ga layin sashen masu daji kafin korona ba, bai ga layi ba. Layin gidan mai lokacin wahalar fetur ƙaninsa ne. Ka zo da sassafe, sanyin Jos na yankan kunnenka, kana ganin ka yi sammako, sai ka tarar da mutanen da kamar tun zamanin Turawan kuza suke wurin. Daga ƙauyukan kan dutse, daga Bauchi, daga Lafiya, kowa da bargonsa da filas. To majinyaci ba ya iya tsayuwa, sai takalma suka karɓi aikin. Kowa zai zo da tsohuwar silifa ƙafa ɗaya, ya ajiye a layi a baranda, ya koma benci ya zauna. Silifu su yi sahu tun daga ƙofar likita har su sha kwana, shiru, ba turereniya, sun fi masu su tarbiyya. In Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da ƙofa, ta leƙo ta ce "Mai wannan?", sai ka zo ka zura ƙafarka a ciki, ka shige. Ba wanda ya rubuta dokar, amma ko gwamna ne ya zo, ba zai tsallake silifa ba.

A wannan layin Gwaggo ta haɗu da Ngo. Haka mutanensu ke kiran uwa, mu ma muka ɗauka. Tsohuwa ce daga Kabong, mai sayar da acca da kayan miya, ba ta fashin coci, nata ciwon a mahaifa yake. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne ko "kai". Haɗuwarsu ta farko faɗa ne. Mai shara ya ture silifu, aka rasa wadda ke gaba, suka yi ta yi har wani mai sanda ya tashi rabo ya kusa faɗuwa. Kafin azahar na dawo na tarar da su suna cin masa a leda ɗaya, suna zagin mai shara tare. Daga nan suka ƙulla yarjejeniya: kowacce ta ba 'yar'uwarta ƙafa ɗaya ta tsohuwar silifarta. Ta Gwaggo shuɗiya ce, an ɗaure maɗaurinta da waya. Ta Ngo ja ce, dunduniyar ta cinye kamar ɓera ya yi buɗa-baki da ita. Wadda ta riga zuwa sai ta ajiye biyu. Ka ga ke nan ko Gwaggo na gida tana neman ɗankwali, tana kan layi.

Haka aka yi ta yi, gashin Gwaggo ya zube, ƙullutun ya fara ja da baya, likita na murna. Sai korona ta iso.

Ranar asibitinta ta farko bayan an sa kulle, na goge keke, na sa takunkumi, na tsaya ƙofar ɗaki.

"Gwaggo, mu tafi."

"Ina?"

"Asibiti mana."

"Wa ba shi da lafiya?"

Na duba bayana ko da wani take. Na ce, "Ke, Gwaggo."

"Ni? Ka ji ja'iri da mugun fata. Ni na warke. Taɓa nan ka ji, kamar ƙwayar gyaɗa ya rage, wannan ko man zafi ya ƙarasa shi."

Na tuna mata maganar ƙullin masa. Ta ce wancan lokacin ba a fara harbin mutane a goshi ba. Bindigar gwada zafin jiki take nufi, wadda aka ba masu gadi a ƙofar asibiti. Labarin da ya zagaye Rikkos shi ne, da zarar ta yi ƙara an ga zazzaɓi, shi ke nan, wasu mutane masu fararen kaya kamar 'yan sama jannati za su fito su sungume ka zuwa killacewa. Daga nan ba dangi, ba dubiya, ba kunu. In ka mutu a naɗe ka a leda kamar kifi, ba wanka, ba sallah. Wanda ya kawo labarin ya ji ne daga wanda ya ji daga mai shayi, wato dai labari ne mai tushe.

Na ce, "Gwaggo, ai ke ba tari kike ba."

Sai ta sauke murya, abin da ban saba ji ba. Ta ce, "Ɗan nan, duk ranar da aka yi mini ƙarin ruwan nan jikina zafi yake yi, kai ma ka sani. In sun riƙe ni fa? Ni mutuwa ba ta ba ni tsoro. Amma na wanke gawar mata a unguwar nan da hannuna, ban san iyakarsu ba. Ni ce za a binne ba wanka? Gara ciwon da na sani ya kashe ni a ɗakina."

Na fita na sake goge keken da na riga na goge.

To ga abin mamaki. Mai ciwon ta daina zuwa asibiti, amma katinta bai taɓa yin farin jini kamar lokacin ba. A shingayen da aka kafa a titi, ba a barin kowa ya wuce sai mai uzurin asibiti, kuma babu uzurin da ya kai katin sashen daji. Jami'i na ganinsa zai ja da baya, ya ce "Sorry Mama, Allah ya sawwaƙe," ya ɗage katako. Kan ka ce me, duk matan layinmu na Rikkos sun kamu da daji, kowacce sai ta ari katin Gwaggo. Mai zuwa sayen barkono, daji. Mai zuwa barkar haihuwa, daji. Wata ƙatuwa da ta fi keken nauyi, tana shiga sai ta langaɓe kai tana nishi, muna wuce shinge ta miƙe ta ci gaba da cin rake. Katin nan ya je Bukuru, ya je kasuwa, ya je ɗaurin aure na ɓoye, ya je kitso. Wuri ɗaya ne bai je ba duk tsawon lokacin: asibitin da ya bayar da shi.

Fasinja ɗaya ta gaskiya ta rage mini, Ngo. Ita ba ta warke ba. Na je ɗaukarta a Kabong na tarar ta fito da takunkumin atamfa wanda ya rufe har idonta ɗaya.

Na ce, "Ngo, ba kya tsoron korona?"

Ta ce, "Yarona, wanda yake cikin cikina ya riga shi zuwa. Korona ya bi layi." Sai ta leƙa cikin keke. "Ina Hajiya?"

"Ta warke."

"Ya warke? Wa ya gaya masa?"

"Ita ta gaya wa kanta."

Ngo ta yi tsaki mai tsawon da ya kai mu har shingen farko.

An hana 'yan dubiya shiga, amma an yarda mutum ɗaya ya raka majinyaci har baranda, don haka na riƙe mata jaka muka shiga. Wallahi da na ga barandar nan sai da na ɗauka mun ɓata hanya. Wurin da a da ko allura ka yar sai ta faɗa kan wani, yanzu ƙadangare ne ke shan hantsi a kan benci, har yana ɗaga mana kai kamar shi ne shugaban sashen. Sista na zaune a ƙofa ta rafka tagumi. Matar da a da sai ka yi mata magana sau goma ta dube ka, yau ita ce ta taso da "Sannunku da zuwa, Mama ya hanya?" Likita da kansa ya leƙo, irin leƙen da mai shago ke yi ranar da ba kasuwa.

Ngo ba ta kula su ba. Ta buɗe jaka, ta ciro jar silifarta ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ciro shuɗiyar Gwaggo ta ajiye a bayanta. Ta koma benci, ta kori ƙadangare, ta zauna.

Sista ta ce, "Mama, shigo mana, ai ba kowa."

"Ki kira."

"Me zan kira? Ke kaɗai ce."

"Ki kira yadda ake kira."

Sista ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta gyara takunkumi ta ce, "Mai wannan?" Ngo ta tashi a hankali, ta zura ƙafa, ta shiga. Da ta fito, Sista ta dubi shuɗiyar da ta rage, ta dube ni. Na ce mai ita ta warke. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Duk sun warke. Waya muke ta bugawa, wasu ba sa ɗauka, wasu su ce sun yi tafiya, a garin da ko akuya ba ta tsallake shinge. Ka gaya mata abin nan ba ya jin dokar kulle."

Na kai saƙo. Gwaggo ta ce Sista ta ji da kanta.

Daga nan na zama gidan waya. Duk ranar asibiti Ngo za ta ajiye silifa biyu, a kira ɗaya, ta ɗauke ɗayar ta mayar jaka, ta ba ni saƙo. "Ka gaya wa Hajiya yau shi ne na biyu a layi. Tun da aka gina asibitin nan bai taɓa samun na biyu ba." In na faɗa, Gwaggo ta ce, "Ka ce mata na bar mata, ta haɗa da na ɗayan." Wani makon Ngo ta ce, "Ka gaya masa takalminsa ya fi shi hankali." Gwaggo ta ce, "Ka ce mata to likita ya yi wa takalmin ƙarin ruwa." Ni dai ina tsakiya ina shan zagi ta gaba da ta baya, ba ko sisin kwabo na dako.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na kawo matar liman, suka ƙare da hirar tsadar tumatir. Na ce na yi mafarki mara kyau, ta ce in rage cin wake. Na yi fushi na daina cin masarta, ta ce riba ta ƙaru.

Amma ina lura. Kulle bai hana ta toya masa ba, a tsakar gida take yi, maƙwabta na miƙo kwano ta katanga. Sai na ga ta daina ɗaukar robar ƙulli da hannun hagu. Daga baya ta fara riƙe hannun nesa da jiki kamar kazar da aka taka wa fiffike. Warin man zafi ya cika gidan har masar ma ta fara ɗanɗanonsa. Wata rana na shigo ba sallama na same ta ta jingina da bango ta runtse ido, masa na ƙonewa a tanda. Gwaggo, wadda tun da nake ban taɓa ganin ta ƙona masa ba.

"Gwaggo, ƙwayar gyaɗar ce?"

Ba ta buɗe ido ba. Ta ce, "Ta ɗan yi 'yan'uwa. Kwashe masar nan, ja'iri, ka tsaya kana kallona."

Aka sassauta kulle, aka sake matsawa, aka sake sassautawa, ita dai tana nan kan bakanta. Sai wata ranar asibiti na kai Ngo, ta shiga wurin likita, ba ta fito ba. Jininta ya yi ƙasa, suka ce sai an kwantar da ita. Na dawo gida da keke ba kowa.

Gwaggo na ganina ta ce, "Yau me tsohuwar ta ce?" Don ta saba, har jiran saƙon take yi, ta tanadi amsa.

"Ba ta ce komai ba. An ba ta gado."

Ta ajiye cokalin juya masa. "Wa ke wurinta?"

"Ba kowa. Ba a barin kowa."

"'Ya'yanta fa?"

"Suna bakin get, an hana su."

"To wa ya kai mata abinci?"

"Akwai na asibiti."

Ta dube ni kamar na ce ana ba Ngo ƙasa tana ci. Ka san mu, a yi maka komai ka yafe, amma ka kwanta asibiti mutum bai zo dubiya ba, wannan har jikoki sai sun ji labari. Gwaggo ta taɓa ɗauke gaisuwa da wata maƙwabciya shekara da shekaru don ba ta zo duba ta ba lokacin da ta yi targaɗe. Yanzu ga ƙawarta kwance, matar da ke ɗauke da takalminta a jaka, ita kuma tana Rikkos tana toya masa.

Washegari da safe na fito na tarar da ita zaune a cikin keke. Ta sha mayafin zuwa biki, ga filas ɗin kunun gyaɗa, ga kula cike da masa, ga miya a wani kwanon.

Ta ce, "Kada ka yi mini wata fassara. Dubiya za ni. In gaishe ta, in ajiye mata wannan, mu juyo."

Na ce, "Gwaggo, ba a barin 'yan dubiya. Majinyaci kawai ke shiga, mai kati."

Sai ta ce, "Katin yana wurin wa?"

Sai da na bi gida uku kafin na same shi. Ya yi laushi, ya sha manja, yana ƙanshin daddawa.

Saura bindiga. Nan fa ilimina ya yi amfani. Na tsaya wurin mai shago na sayi fiya wata wanda ya daskare ya zama dutse, na ce ta manna a goshi har mu isa. Ka tuna Jos ce, da safe, iska na shigowa keke ta ko'ina. Tun daga Rikkos Gwaggo ke riƙe da ƙanƙara a goshi, haƙoranta na kaɗawa, tana karanto duk addu'ar da ta sani tana haɗawa da zagina. Muna isa get ta jefar da ledar ƙarƙashin kujera, ta fito, ta rufe ido, ta yi kalmar shahada.

Mai gadi ya ɗora bindiga. Ta yi ƙara. Ya duba, ya girgiza ta, ya sake ɗorawa. Ya gwada a goshinsa, ya gwada a nawa, ya dawo kan Gwaggo.

Ya ce, "Hajiya, a yadda na'urar nan ta nuna, ke kin rasu tun jiya."

Gwaggo ta buɗe ido ɗaya. "To gawa tana da korona?"

"A'a."

"To matsa in wuce."

Ya matsa. Abin da ta yi watanni tana gudu ke nan, ya ƙare kafin mutum ya gama atishawa. Ba 'yan sama jannati, ba leda, sai wani yaro da ya matsa mana sanitaiza a hannu. Na ga fuskarta na haɗiye dariyata, don ina son kaina.

Hanyar ɗakin kwanciya ta baranda take bi. Muna shan kwana Gwaggo ta ja birki. Benci ba kowa, baranda fayau, amma a bakin ƙofar likita ga shuɗiyar silifa da ɗaurin waya, ita kaɗai, ta ɗaya a layi. Ashe Ngo tun daga kan gado ta ba Sista, ta ce a ajiye kamar kullum, tunda ita ba ta iya saukowa.

Sista ta leƙo. Ta ga Gwaggo, ta ga kula, ta ga filas. Matar nan ta san aikinta. Ba ta ce "Hajiya ina kika shiga" ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dubi sararin barandar kamar akwai mutum ɗari, ta ɗaga murya.

"Mai wannan?"

Gwaggo ta ce, "Ni dubiya na zo."

"Mai wannan?"

"Na ce miki dubiya..."

"In ba mai ita, a ɗauke a jefar, a kira na baya."

Na baya wa? Ƙadangare? Amma Gwaggo ta yi watanni tana faɗa a kan dokar silifa, ta taɓa tsayar da wani mai babbar riga da ya so tsallakewa, ta yi masa wa'azi har ya koma bayan layi. A kira silifarka kana tsaye ka ƙi amsawa, wannan ba a taɓa yi ba a barandar nan. Ta miƙo mini kula da filas. Ta cire takalmin bikinta na dama. Ta zura ƙafa a shuɗiyar, ta shiga tana ɗingishi, ƙafa ɗaya mai tsini, ɗaya silifa.

Sun daɗe a ciki. Da likita ya kira ni, ba irin fuskar mai shagon nan ba ce. Ya ce ƙullutun ya girma fiye da yadda aka fara ganinsa, ya taɓa hammata, fatar ma ta fara buɗewa, abin da take ta ɓoyewa da tsumma. Maganar a cire kaɗan a bar nono ta wuce. Za a sake kemo daga farko, sannan a cire gaba ɗaya. Amma bai ga alamar ya kai huhu ko ƙashi ba, sai dai gwaji ya tabbatar. Ya ce da ta ƙara wasu watannin a gida, da wata maganar muke yi. Kuma saboda gyambon, yau ba za ta koma gida ba.

Gwaggo ta dube ni. "Ka gani? Ban gaya maka za su riƙe ni ba?"

Aka ba ta gadon da ke kusa da na Ngo, don gadaje ne birjik, sai wanda ka zaɓa, abin da a da sai kana da ɗan'uwa a sama. Ni ba a bar ni na shiga ba, na zagaya ta bayan taga na miƙa kula. Ina jin su.

"Hajiya, ka zo? Ashe ka warke."

"Ke dai yi shiru ki sha kunu. Dubi yadda kika koma, kamar sandar rake."

"Ni da kai wa ya fi kama da rake? Ina takalmina?"

"Yana jaka."

"Ka kawo? Kai da ka zo dubiya, me ya sa ka kawo takalmin layi?"

Na ji dai ƙarar buɗe kula.

Gwaji ya fito, bai kai huhu ba. Aka yi kemo, ɗan gashin da ya fara tsirowa ya sake tafiya, aka yi aiki. Ngo ta tashi, aka sallame ta, ta koma zuwa da ƙafarta. Kafin Gwaggo ta gama nata zagayen, tsoron korona ya fara sanyi a gari, sai waɗanda suka warke suka fara dawowa. Layi ya dawo har ya fi na da, silifu suka wuce kwana suka gangara tsakar asibiti, ƙadangare ya yi ritaya. Sai dai yanzu da yawa ba su ke ajiye silifar da kansu ba, 'ya'yansu ne, su suna kwance a tabarma. Wadda a da take shigowa da ƙafarta tana raba mana goro, a kujera mai taya aka turo ta. Ga kuma sababbi, waɗanda suka ji ƙullutu tun farkon kulle suka ce bari gari ya lafa. Sista ta koma ba ta gaisawa. Tsohon Bukuru, mai shirin gasar tsere, na kira wayarsa in ji ko in zo, ɗansa ya ɗauka, na yi masa gaisuwar rashi.

Gwaggo ta samu wata sabuwar ɗabi'a a lokacin. In mun zo, kafin ta zauna, sai ta bi layin silifun daga farko har ƙarshe tana dubawa a hankali, hannu ɗaya a kan ƙirjin da aka yi wa aiki. Ta san su kamar fuskoki. Ta ce ga ta mai goro, ga ta matar fasto, ga ta malamin makaranta. Wani lokacin ta dawo ta zauna kusa da Ngo ta ce, "Koriyar nan mai fure ba ta dawo ba." Ngo ta ce, "Bai dawo ba." Sannan su ci gaba da faɗan wa ya riga zuwa.

Yanzu sai lokaci-lokaci take zuwa a duba ta. Ta koma tandarta, da hannun dama take ɗaukar roba, bakin kuwa ba abin da likita ya rage. Kati ya daina yawo, matan layinmu duk sun sake warkewa. In wata ta zo sayen masa ta ce tana jin wani abu a ƙirji amma tana jira a ga yadda hali zai yi, Gwaggo ba ta yi mata wa'azi. Sai ta ƙwala mini kira in kawo keke, ta ce wa matar ta je ta samo tsohuwar silifa.

Amma ka kuskura ka ce mata ta koma asibiti don magani, ka ji yadda ake zagi da safe. Har gobe a wurinta ita lafiyarta ƙalau, dubiya ta je da kunu da masa, aka kira takalminta, aka killace ta.